Yadda ake tsara waƙar fim ɗin Indiya na tarihi da salon kiɗan da

Duk wanda ya tashi da kallon Indiya, a sinima ne ko a kaset ɗin gidan maƙwabta, kunnensa ya san wani sauti da ba ya ɓace masa: gogen Turawa kamar ashirin suna jan layi ɗaya tare, tabla, wato tagwayen gangunan hannu na Indiya, tana takawa a hankali, can sai muryar mace ta sauko daga sama. Har gobe masu shirya fim a Mumbai suna komawa ga wannan sauti idan labarinsu ya shafi fadar sarakunan Mughal, ko gidajen rawa na Lucknow, ko Bombay, wato Mumbai ta da, a shekarun 1940. Kaɗan ne suke dacewa. Mafi yawa sai su tara sitar, su barbaɗa ƙarar tsohon faifai a kai, amma waƙar na fitowa ka ji ta bana ce aka yafa wa zanen kaka.

Tsufan waƙa a cikin karinta yake, da yadda maƙogwaro ke zamewa daga sauti zuwa sauti, da yadda makaɗa ke sauraron juna a ɗaki ɗaya. Aikin inji shi ne na ƙarshe, shi ne kuma mafi sauƙi. Domin kada bayani ya tsaya a iska, zan riƙa gwadawa da fage guda da na ƙirƙiro: Lucknow, shekarar 1855, cikin dare, wata zabiya tana waƙa a gaban wani basarake mai dukiya, wanda take so kuwa yana zaune can gefe cikin baƙi, ba damar ta dube shi.

Mataki na 1: Tantance wane "da" ake nufi

Idan darakta ya ce yana son waƙa irin ta da, zamani biyu ne a cikin maganarsa, kuma sau da yawa shi kansa bai raba su ba. Akwai zamanin labarin, akwai kuma zamanin sinimar da kunnen mai kallo ya saba da ita.

Dubi Mughal-e-Azam na 1960. Labarin fadar sarki Akbar ne, wanda ya yi mulki daga 1556 zuwa 1605, amma yawancin kiɗan da Naushad ya yi masa na Bombay ne ta shekarun 1950: tarin goge, ɗimbin 'yan amshi, an gina su a kan raga, wato tsarin karin gargajiyar Indiya. Ba wanda ya yi ƙorafi, domin mai kallo ya yarda cewa haka fada take sauti a fim. Khayyam kuwa, a Umrao Jaan na 1981, ya bi wata hanyar: labarin Lucknow ta tsakiyar ƙarni na 19, sai ya taƙaita kayan kiɗa ya bar wa murya da baiti fili. Ga kuma irin aikin Amit Trivedi a Jubilee na 2023, inda labarin kansa na masana'antar fim ne a shekarun 1940 da 1950, don haka waƙar fim ta lokacin ce ake kwaikwayo kai tsaye. Hanya uku ke nan. Zaɓi ɗaya ka rubuta ta a takarda, domin ita za ta raba maka gardama nan gaba.

Sannan ka san irin waƙar da ake yi a shekarar labarinka. A fadar Akbar, zamanin babban mawaƙinsa Tansen, dhrupad ake yi: waƙa mai nauyi, mai tafiyar ƙasaita, ba ta son yawan kwalliya. Khayal, mai ba mawaƙi damar wasa da murya, ya bunƙasa ne a fadar Muhammad Shah da ya yi mulki daga 1719 zuwa 1748. Thumri, waƙar soyayya da shagwaɓa da ake haɗawa da rawa, ta yi tashe a Lucknow zamanin Wajid Ali Shah, wanda Turawan Ingila suka tuɓe a 1856. Kawwali na hubbaren waliyyai ne, ana danganta tushensa da Amir Khusrau, almajirin Nizamuddin Auliya na Delhi, wanda ya rasu a 1325. Bhajan na wurin bautar Hindu ne. Waƙar fim kuwa ba ta fara ba sai 1931, shekarar da Alam Ara ya fito. Fagenmu na 1855 thumri yake so, ko gazal, wato rubutacciyar waƙar soyayya ta Urdu.

Mataki na 2: Zama da darakta

A Bombay ta da, darakta da marubucin waƙa da mai kiɗa sukan zauna ɗaki ɗaya da harmoniya a tsakiya, darakta ya ba da labarin fagen. Kada ka tsallake wannan zama. Ka fito da amsar tambayoyi kaɗan: wa ke waƙar, a gaban wa, da wane lokaci na rana ko na shekara, za a ga makaɗa a hoto ko a bayan fage kiɗan yake, me ya sauya a labarin tsakanin farkon waƙar da ƙarshenta. Ta ƙarshen nan ta fi sauran muhimmanci. Idan ba abin da ya sauya, waƙar hutun zuwa sayen gyaɗa ce kawai. A fagenmu, zabiyar ta fara tana yi wa mai gida waƙa, kafin ta gama kowa ya gane ba da shi take ba.

Mataki na 3: Zaɓar raga

Nan ne aikin yake, nan kuma mai fiyano ya fi yin tuntuɓe.

Sautukan kiɗan Indiya bakwai ne: Sa, Re, Ga, Ma, Pa, Dha, Ni. Sa da Pa ba sa motsi. Re, Ga, Dha da Ni ana iya sassauta su ƙasa da rabin taki, a ce musu komal. Ma kuwa ana ɗaga shi sama, a ce masa tivra. Jimla sha biyu, daidai da na fiyano. To amma raga ta wuce jerin sautuka. Kowace tana da hanyar hawa da ta sauka, da sautin da ake daɗewa a kansa, da wanda ake shafa kawai a wuce, da 'yan jimloli waɗanda da zarar an ji su an san ita ce. Raga biyu za su iya haɗa sautuka iri ɗaya amma tafiyarsu ta bambanta ƙwarai.

Ga kaɗan da fim ya fi amfani da su, idan ka ɗauki sautin C na fiyano a matsayin Sa. Yaman: C, D, E, F#, G, A, B, ta farkon dare ce, ta natsuwa da soyayya, kuma jimlarta takan faro daga Ni na ƙasa ta bi Re zuwa Ga, ba daga Sa ba. Malkauns sauti biyar ce kawai, C, Eb, F, Ab, Bb, ba Re ba Pa, ta tsakar dare, mai kwarjini. Darbari, wadda ake dangantawa da Tansen, ita ce ta fada da baƙin ciki mai nauyi. Sirrinta jijjiga Ga da Dha a hankali kamar ba a so, kuma ba a yi mata gaggawa. Bhairav ta asuba ce. Dangin Malhar na damina ne, Basant da Bahar na lokacin da furanni ke fitowa. Bhairavi asalinta ta safe ce, amma da ita ake rufe taron kiɗa kowane lokaci, kuma tana haƙuri da baƙin sautuka, shi ya sa masu kiɗan fim suka mayar da ita gida.

Maganar lokaci ba ado ba ce. Tsohon mai sauraro a Indiya idan ya ga fitilu a fage ya ji ragar asuba, zai san an yi kuskure, ko kuma da gangan ake nuna masa cewa an kwana ana waƙa. Wannan dabara ce mai kyau idan ka san abin da kake yi.

Fagenmu Khamaj zan ba shi. Ta dare ce, tana cikin ragogin thumri tare da Kafi da Pilu da Bhairavi. A hawa tana tsallake Re, ta bi cikakken Ni: C, E, F, G, A, B, C. A sauka sai ta sassauta Ni: C, Bb, A, G, F, E, D, C. Wannan Ni mai fuska biyu shi ne abin da zabiyar take buƙata, ɗaya na mai gida, ɗaya na wanda ke gefe.

Yadda za ka shigar da raga jikinka: kunna tampura, kayan tsirkiya mai riƙe wa mawaƙi sautin tushe, ko ta gaske ko ta manhajar waya, a ɗaure ta Pa, Sa, Sa, Sa na ƙasa. Idan ragar ba ta da Pa, kamar Malkauns, a mayar da tsirkiyar farko Ma. Saurari manyan mawaƙan gargajiya suna yin ragar, ba waƙoƙin fim ba, har kwanaki. Sannan ka yi ta rerawa da baki, ba kalma, ba fiyano. Fiyano ba ya iya meend, wato jan murya daga wannan sauti zuwa wancan ba tare da yankewa ba, kuma duk karin da aka haifa a kan maɓallan fiyano yakan fito da taku irin na matakala. Idan jimla ta zo maka, ɗauke ta a waya. Sai ka tara goma ko fiye kafin ka zaɓa.

Shin dole ne a tsaya cikin raga daga farko har ƙarshe? Ya danganta da wanda ke waƙar. A Baiju Bawra na 1952, inda labarin gasar mawaƙa ne, Naushad ya kawo Ustad Amir Khan da D.V. Paluskar suka yi karon da bakinsu, domin a irin wannan fage ba a yafe kuskure. Idan kuwa budurwa ce ke waƙa a bakin rijiya, ka ɗauki ƙamshin ragar ka bar sauran. Thumri ma da kanta tana yarda a leƙa maƙwabciyar raga a dawo.

Mataki na 4: Tala

Tala zagayen bugu ne da ke komawa gida. Bugun farko, sam, shi ne gidan, kuma a kansa mawaƙi da mai tabla suke haɗuwa. A nan ne masu sauraro ke gyaɗa kai. Teental bugu 16 ne, huɗu sau huɗu, na tara shi ne wanda ake sassautawa. Keherwa 8, Dadra 6, waɗannan biyun su suka ɗauki mafi yawan waƙoƙin fim. Rupak 7 ne, uku da biyu da biyu, yana da wata 'yar ɗingisa mai daɗi da ta dace da kewa. Jhaptal 10, Ektal 12. Dhrupad kuwa Chautal mai 12 ko Dhamar mai 14 yake bi, a kan ganga pakhawaj.

Abin da ke tsufar da waƙa nan take shi ne inda layin farko ya faro. Waƙar zamani takan fara a bugun farko. Ta gargajiya takan faro daga tsakiyar zagaye, ta taho, ta sauke kalmarta mafi nauyi daidai kan sam. Zaɓi kalmar da kake so ta faɗa can, sannan ka ƙirga baya ka ga inda za a ɗauko layin.

Sai tihai, jimlar da ake maimaitawa sau uku a dire a kan sam. Lissafi ne tsagwaronsa. A Teental, daga sam zuwa sam na gaba bugu 17 ne: jimla mai bugu biyar sau uku ta ba da 15, hutun bugu ɗaya sau biyu ya cika 17. A Keherwa bugu 9 ake nema, wato jimla mai uku sau uku ba hutu. Kada ka cika waƙa da shi. Ɗaya a ƙarshen kiɗan tsakiya, ɗaya a rufewa, ya wadatar.

Zabiyarmu Deepchandi za ta bi, mai bugu 14 da aka raba uku, huɗu, uku, huɗu, a hankali, don ta samu filin juya kalma ɗaya ta fuskoki da yawa. Daf da ƙarshe mai tabla ya juya zuwa laggi, wato Keherwa mai gudu, ƙafa ta karɓi aiki daga baki. Haka ake rufe thumri.

Mataki na 5: Baiti da harshe

Hindin titin Mumbai ba zai yi ba. Thumri da waƙoƙin Radha da Krishna da harshen Braj ake yin su, wani lokaci da Awadhi na yankin Lucknow. Gazal da Urdu ake yi, mai cike da kalmomin Farisa da Larabci. Nemo marubucin da ya san bambancin, kamar yadda Naushad ya riƙe Shakeel Badayuni, Khayyam kuma ya yi aiki da Shahryar.

Wanda ya karanci rubutacciyar waƙar Hausa ba zai sha wahalar gane gazal ba, domin ma'aunin Urdu daga arulin Larabci ya samo asali, ta hanyar Farisa, tushe ɗaya da wanda malamanmu suka gina waƙoƙinsu a kai. Baiti ɗango biyu ne. A baitin farko duka ɗangayen suna ɗauke da ƙafiya da kalmar da ake maimaitawa bayanta; a sauran, ɗango na biyu ne kawai. Kowane baiti yana tsaye da ƙafarsa ta fuskar ma'ana. Abin kiyayewa ga mai kiɗa shi ne doguwar gaɓa ta samu dogon sauti, gajera ta samu gajere. Ka karya wannan, masu jin Urdu za su ji kamar an taka musu yatsa.

Ni a ganina, a irin wannan aiki a fara rubuta baiti sannan a sa masa kari. Yanzu an fi yin akasin haka, mai kiɗa ya yi "la la la" marubuci ya cusa kalmomi. Yana yi wa waƙar rawa, amma gazal da aka yi haka takan fito da numfashi a inda bai kamata ba. Thumri kuwa layi biyu zuwa huɗu sun ishe ta, tunda maimaitawa da juyawa ne abincinta.

Mataki na 6: Gina jikin waƙa

Tsarin ba shi da wuya: ɗan alap a buɗe, wato shimfiɗa raga da murya ba ganga; sai mukhra, kan waƙar da ake komawa gare shi; kiɗan tsakiya; antara, wato baitin da ke biyo bayan mukhra, wanda yakan hau sama ya taɓa Sa na bisa; sai wata 'yar jimla da ke sauko da shi ta miƙa wa mukhra. Antara biyu ko uku. Wannan 'yar jimlar saukowa ita ce ma'aunin gwani, domin idan ta yi kyau, dawowar mukhra sai ka ji kamar dole ce.

Tsawon kuma yana da tarihi. Faifan garmaho mai juyi 78 a minti, mai faɗin inci goma, ba ya ɗaukar abin da ya wuce minti uku da 'yan kai a kowace fuska. Tun 1902, lokacin da Gauhar Jaan ta yi wa Fred Gaisberg waƙa a Kalkata, mawaƙan Indiya suka koyi matse abin da suke yi cikin awa guda ya koma minti uku. Wannan matsin ne ya sa tsofaffin waƙoƙi ba su da kitse: buɗewa gajera, kiɗan tsakiya zagaye huɗu ko takwas, kowane sashe da aikinsa. Ko fim zai ba ka minti shida, fara da gina ta minti uku, ka faɗaɗa daga baya.

Gargaɗi ɗaya a nan. Tsofaffin waƙoƙin gargajiya da aka gada daga malami zuwa ɗalibi ana iya ginawa a kansu, amma karin waƙar fim yana da mai shi, kuma kaso mai yawa na tsofaffin yana hannun kamfanin Saregama, magajin HMV. Kwaikwayon salo daban, ɗauko kari daban.

Mataki na 7: Kayan kiɗa

Doka ɗaya za ta cece ka: abin da ido zai gani ya zama na zamanin labari, abin da kunne kaɗai zai ji kana da 'yanci a kansa gwargwadon hanyar da ka zaɓa a mataki na farko.

Tabla da sitar, a siffar da muka san su, 'ya'yan ƙarni na 18 ne. Sarod ya fito daga rabab na Afganistan a ƙarni na 19. Don haka a gaban Akbar abin da ya kamata a gani shi ne rudra veena, rabab da pakhawaj. Harmoniya Turawa suka kawo ta a ƙarni na 19, kuma irin wadda ake zama a ƙasa ana hura ta da hannu, Dwarkanath Ghose ne ya fito da ita a Kalkata a 1875. Ke nan zabiyarmu ta 1855 ba ta da harmoniya. Masana ma sun daɗe suna ƙyamarta saboda ba ta iya jan sauti, har gidan rediyon Indiya ya hana ta shiga daga 1940 zuwa 1971.

Abin da take da shi sarangi ne, goge mai manyan tsirkiyoyi uku na hanji da wasu ƙanana fiye da talatin da ke amsawa da kansu, ana danna shi da gindin farce. Ba abin da ya kai shi bin muryar mutum. Aikinsa ya bi bayan mawaƙiya da taki ɗaya, ya cike mata gurbi idan ta tsaya numfashi. Sai tabla, wadda ake ɗaure ta dama daidai da Sa na waƙar, da tampura, da ghungroo, akayau ɗin ƙananan ƙararrawa da ake naɗawa a ƙafa. Tsofaffin zane-zane suna nuna makaɗan a tsaye bayan mai rawa, tabla ɗaure a ƙugu da zane. Darakta mai lura zai so wannan.

Idan fagen fitowar sarki ne, akwai naubat, kiɗan ƙofar fada: gangunan naqqara, shehnai ko surna, da dogon ƙaho karna. Littafin Ain-i-Akbari na Abul Fazl ya lissafa su, kuma ginin da ake kaɗa su yana nan har yau a Jan Ganuwa ta Delhi. Bahaushe ba baƙo ba ne a nan, domin algaita da surna dangi ɗaya ne, haka kakaki da karna, kuma aikinsu ɗaya: sanar da cewa mai mulki ya fito.

In kuwa sautin Bombay ta 1950 kake nema, to gogen Turawa ne ƙashin bayansa. Yawancin masu jan su da masu rubuta musu kiɗa Kiristocin Goa ne da suka koyi karanta kiɗan Turai a makarantun coci, irin su Sebastian D'Souza da ya daɗe yana tsara wa Shankar da Jaikishan, da Anthony Gonsalves. Salonsu shi ne goge duka su ja layi ɗaya tare da lanƙwasa irin ta Indiya, su amsa wa mawaƙi a ƙarshen kowane ɗango, wani lokaci su shimfiɗa wani kari na biyu siriri a ƙarƙashin murya. Haɗin sautuka kaɗan ne, ba a yawan sauya shi. Ƙara da sarewar gora, mandolin, kilarinet da dholak, ka iso.

Mataki na 8: Murya

Kafin 1935 ɗan wasa da bakinsa yake waƙa a gaban kyamara, makaɗa na ɓoye a gefe. A Dhoop Chhaon na kamfanin New Theatres da ke Kalkata ne aka fara ɗaukar waƙa daban ɗan wasa ya bi da baki. Duk da haka muryoyin shekarun 1940 masu kauri ne, masu fita ta hanci da ƙirji: K.L. Saigal, Noor Jehan, Shamshad Begum, Zohrabai Ambalewali. Siririyar murya mai tashi sama ta zama sarauniya ne daga 1949, shekarar da Lata Mangeshkar ta yi fice a fim ɗin Mahal. Wanda ya sa irin wannan murya a labarin 1944 ya riga zamani.

Zabiyar Lucknow ma ba siririyar murya gare ta ba, mace ce da ta saba cika zaure ba makirufo. Khayyam ya gane haka, shi ya sa ya sa Asha Bhosle ta sauko ƙasa da inda ta saba a Umrao Jaan, aka ji wata Asha da ba a taɓa ji ba. Gwada mawaƙiyarka a Sa uku ko huɗu daban-daban kafin ka tsayar, ka ɗauki wanda ƙasan muryarta ya fi cika.

Idan fage na babban ustazu ne, nemo ustazun gaske. K. Asif, daraktan Mughal-e-Azam, ya nace sai Bade Ghulam Ali Khan ya yi muryar Tansen, kuma labarin da ya shahara shi ne ustazun ya yanka rupi 25,000 kowace waƙa don a rabu da shi, Asif ya ce ya biya. Ka kuma zaunar da mai gyara lafazi a sutudiyo. Haruffan maƙogwaro na Urdu, irin ƙaf da gain da kha, nan ake kama mawaƙin zamani.

Mataki na 9: Ɗauka

A da, a wurare irin su Famous Studios da Mehboob Studios, kowa da kowa ake tarawa: mawaƙi, makaɗa, 'yan amshi, makirufo ƙalilan, layin sauti guda. Mutum ɗaya ya kuskure a koma farko. Ƙarfin kowane kaya kuwa da nisansa daga makirufo ake daidaita shi, mai tabla ya matsa baya, mai sarewa ya matso. Shi ya sa ake kwanaki ana bita kafin ranar ɗauka.

Kwaikwayi abin da za ka iya. Aƙalla mawaƙiya da sarangi da tabla da tampura su zauna ɗaki ɗaya su yi tare, suna ganin juna. Kashe ƙararrawar kwamfuta mai ƙirga bugu, ka bar mai tabla ya riƙe lokaci. Ɗan saurin da waƙa ke ƙarawa da kanta idan ta yi zafi yana cikin daɗinta. Kada ka kusanci manhajar gyaran murya, domin tana ganin meend a matsayin kuskure, ta miƙe shi ta kashe ragar. Idan ba kuɗin goge ashirin, ɗauki mutum shida sau uku, suna sauya kujera kowane zagaye. Ya fi gogen kwamfuta nesa ba kusa ba. A ɗauki waƙar daga farko zuwa ƙarshe sau da yawa a zaɓi mafi rai, ko da da ɗan tabo a ciki.

Wajen haɗa sauti, murya a gaba sosai, komai a bayanta. Matse faɗin sautin ya koma kusan tsakiya. Rage ƙasan da ke girgiza ƙirji, ka ɗan dushe saman da ke ƙyalli. Amsa-kuwwa ta zama ta ɗaki ta gaske. An sha ba da labarin yadda Naushad ya sa Lata ta yi waƙa a banɗakin sutudiyo don ya samu amon fadar madubai ta Mughal-e-Azam. Matakalar bene ko dogon zaure da lasifika a wannan gefe, makirufo a wancan, za su yi maka wannan aiki.

Ƙarar tsohon faifai fa? Sai idan a cikin labarin garmaho ko rediyo ake kunnawa. Zabiyar 1855 a gaban mutane take waƙa, su kuwa ba ƙara suke ji ba, tsabtatacciyar murya suke ji.

Mataki na 10: Ɗorawa a kan hoto

Idan akwai rawar kathak, mai tsara rawa ya shigo tun kafin a ɗauki kiɗa, domin bugun ƙafa da na tabla harshe ɗaya suke yi. Haka Sanjay Leela Bhansali ya yi aiki da Birju Maharaj a Devdas na 2002 da Bajirao Mastani na 2015. Sautin ghungroo a sake ɗaukarsa bayan an tace hoto, mai rawa tana kallon allo, don kowane taku ya zauna daidai. Waɗanda za su fito a matsayin makaɗa su zama makaɗan gaske. Ba abin da ke tona asirin fim kamar hannun da ke shafa tabla ba bisa bugu ba. Ita ma 'yar wasa ta haddace inda mawaƙiya ta ja numfashi, ta ja tare da ita.

Kiɗan bayan fage kuma ya ci daga ragar waƙar. Jimlar Khamaj ɗin nan mai saukowa ta Ni mai taushi, ba wa sarangi ita shi kaɗai a fagen da masoyan suka fara haɗa ido, tun kafin a zo waƙar, sannan a sake jin ta bayan an rabu. Kafin ka miƙa aiki, yi gwaji biyu: sa wani ya rera waƙar da tampura kaɗai ka ji ko tana tsayawa, sannan ka kunna haɗaɗɗen sautin a ƙaramar lasifikar waya ka tabbatar kowace kalma tana fita. Idan ta faɗi gwajin farko, mataki na uku za ka koma.